Wata shida da Kindle Paperwhite

Gaskiya na'urar nan ta karanta littattafai ta canza min karatu. Da a waya nake karanta littafi, shafi biyu sai saƙo ya shigo, shikenan an tafi. Ita kuwa shiru kake ji, allonta kamar takarda baya cin ido ko cikin rana, caji ɗaya tayi makonni. Abinda yafi burgeni ka ɗora yatsa kan layi ka ja masa alama ka rubuta ra'ayinka, duk ta tara maka waje guda, ni ƙarshen mako nake komawa kansu in zaɓi ɗaya tak in gwada. Satin nan shawarar barin waya a wani ɗaki kafin barci na ɗauka, kwana 4 na iya, na biyar kam ta fi ƙarfina.