Yankari ko Jos, ga uwa mai yara uku ita kaɗai

'Yar uwa kin tambaya tsakanin Yankari da Jos ina ya fi sauƙin kai yaranki uku hutun Disamba daga Kano, ke kaɗai tunda babansu ya rasu, kuma albashin koyarwa kawai kika dogara da shi. Allah ya jiƙansa ya raya miki su. Nima ni kaɗai ke riƙe da nawa biyu kuma duka wuraren mun je.

Yankari dai yara ba sa mantawa da shi, har yau nawa suna zancen ruwan Wikki, wata maɓuɓɓuga ce cikin dajin da ake wanka a cikinta, ɗumi ne da shi wajen digiri 31 dare da rana, garai-garai kina hango yashin ƙasa. Amma ba kuɗin shiga ne ke cinye aljihu ba, mota ce. Kano zuwa Bauchi motar tasha ce ba matsala, daga Bauchi ne aikin yake, ya fi kilomita 100, a bi titin Gombe a karya a Dindima, kuma ko kin isa geti da sauran tafiya mai nisa cikin daji kafin sansanin da ake kwana, babu keke babu acaɓa, sai dai shata, kuma kuɗin shatar nan ke kaɗai zai hau. Kwana ma a ciki ne, ba gidan dangi kusa, ga kuɗin motar zagaya daji daban, kuma ba dole a ga giwa ba. An fi ganin dabbobi idan rani ya yi nisa, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da suke taruwa bakin kogin Gaji.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, ido ne. Ruwan nan akwai inda ya fi ƙarfin yaro, ga birai ko'ina, wani ƙato ya fizge ledar biredi daga hannun 'yata tana ihu, na juya kanta, ƙaninta kuwa har ya kai ƙirji a ruwa. Wallahi ranar jikina rawa ya dinga yi. Uwa ɗaya da yara uku a wurin nan akwai wahala.

Jos kuwa mota ɗaya ce daga tasha, kina sauka keke zai kai ki duk inda kike so. Gidan tarihin da aka buɗe a 1952 yana tsakiyar gari, gidan zu na maƙwabtaka da shi, kuma can ciki an gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa, yaran Kano za su ji daɗin wannan. Washegari sai Wildlife Park, dabbobin a killace suke, ki shimfiɗa tabarma ku ci abin da kika dafo. Masauki akwai na kowane aljihu, in kina da dangi a garin ma shikenan an huta. Dankalin turawa da kabeji da karas araha.

Abu biyu kawai. Sanyin Jos a Disamba ba na wasa ba ne, ki haɗa suwaita da safa da hula da man shafawa tun daga gida kar ki saya a can. Sannan kafin ki tashi ki kira wani mazaunin garin ki ji ko lafiya lau ake, kuma ku koma masauki kafin magariba.

Ni dai shawarata ki tafi Jos bana, kwana biyu ya isa. Yankari ki bari sai kin samu wata uwar da za ku raba kuɗin shata, ɗaya na cikin ruwa da yara ɗaya na gadin kaya, ku shiga adashe tun yanzu ku nufi hutun Afrilu.