Siginar tsohuwar jif ta rikice: fitilar gwaji za ka saya, mita, ko sabon filasha?

Tsohuwar jif da ta sha laka da ruwan rafi tana da wata ɗabi'a. Ka ba da sigina hagu, sai ka ga fitilar baya ita ma tana ƙyaftawa dishi-dishi. Ka taka birki, sai siginar ta ɗauke ɗif. Abin da mutane suka fi yi a nan shi ne su garzaya su sayo sabon filasha, ɗan akwatin nan mai ƙas-ƙas a ƙarƙashin dashbod, su ɗaura, matsala kuma tana nan daram. Ciwon ba a can yake ba. Wutar da ta gama aiki a ƙwan sigina ta rasa hanyar komawa jikin mota saboda tsatsa ta cinye wurin da aka ɗaure wayar at, wato wayar da ke mayar da wuta jikin mota, shi ne ta ratsa ta cikin wani ƙwan. A Land Rover abin ya fi yawa, domin bodin na alminiyom ne, sukurorin na ƙarfe, kuma idan danshi ya shiga tsakaninsu sai wani farin gari ya taru ya tare wuta.

Saboda haka kafin a sayi kayan gyara, a fara sayen abin da zai nuna inda ciwon yake.

Ni dai da za a ce in ɗauki abu ɗaya tak, fitilar gwaji mai ƙwai na gaske zan ɗauka. Ba wani abu ba ce illa tsinke mai kaifi, da ƙwai a cikin mariƙi, da waya mai matsi irin bakin kada. Ƙarfinta shi ne tana jan wuta. Ƙwan sigina na wat 21 yana shan kusan amfiya 1.75 a bolt 12, na gaba da na baya kuwa sun kai amfiya 3.5 idan aka haɗa. Waya da ta ruɓe saura zare ɗaya ba za ta iya ɗaukar wannan nauyin ba, kuma fitila mai ƙwai za ta tona mata asiri: ko ta kawo ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ko ta ƙi kawowa. Shi ya sa ma na fi son wadda mutum zai haɗa da kansa da ƙwan wat 21 ɗin, da tsohon soket, da waya biyu, domin daidai nauyin da layin zai ɗauka a bakin aiki take ɗora masa. Ta kasuwa ƙwanta ƙarami ne, amma ta fi sauƙin cusawa a lungu. Wadda ban ba da shawara ba ita ce mai LED a ciki. Wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba, za ta haska tar ko a kan mushen waya.

Da wannan fitilar kaɗai ana bin layin daga farko har ƙarshe: fiyus, makunnin fitilun gargaɗi (a tsofaffin motoci da yawa wutar sigina ta cikinsa take bi, kuma yakan ƙage saboda ba a cika taɓa shi ba, ka danna shi sau goma ka gani), filasha, sandar sigina ta jikin sitiyari, sannan soket ɗin ƙwai. Gwajin at kuwa a juye ake yin sa. Ka maƙala bakin kadan a kan fositif na batir, ka dangwala tsinken a jikin soket. Idan bai kawo da ƙarfi ba, ka kama ɓarawonka.

Abu biyu a duba kafin a saya. Wasu Land Cruiser masu dizal da Land Rover na soja bolt 24 suke, ƙwan bolt 12 zai ƙone nan take. Sannan idan motar tana da kwamfutar inji, kamar Defender Td5 da ta fito a 1998, kada a riƙa soka fitila mai jan wuta a wayar da ba a san ta ba.

Mita, wato na'urar auna wuta, ita ce ta biyu, kuma a nan ne mutane ke ruɗewa. Mitar zamani mai nuna lamba kusan ba ta jan komai daga layin da take aunawa, don haka za ta rubuta maka 12.4 a bakin soket ka ce lafiya lau, ka mayar da ƙwai, shiru. Ba ƙarya ta yi ba, tambayar ce ba a yi mata daidai ba. Amfaninta na gaske shi ne auna wutar da ke zubewa a hanya yayin da ƙwan ke kunne. Tsinke ɗaya a negatif na batir, ɗaya a jikin soket: idan ta nuna fiye da bolt 0.2, at ɗin nan yana bukatar a kwance shi a kankare. Haka ake yi wa kowane mahaɗi, tsinke ɗaya kafinsa, ɗaya bayansa. Wahalar ita ce sigina na ɗaukewa tana dawowa sau 60 zuwa 120 a minti, lambobin sai su yi ta rawa. Dabara ita ce a cire filasha a haɗa bakinsa na shiga da na fita da guntuwar waya mai fiyus, wuta ta tsaya cak, a auna a natse. Wajen zaɓe, ba sai mai tsada ba. Ta kasance tana ƙara idan waya ta haɗu, tana da fiyus a ɓangaren amfiya 10, wayoyinta masu kauri, fuskarta mai haske, tunda ƙarƙashin dashbod duhu ne.

Akwai kuma tsinke mai ba da wuta, irin su Power Probe, wanda ake haɗawa da batir ya riƙa tura fositif ko at duk inda aka dangwala. Ga mai sana'ar rewaya yana rage aiki sosai: ka ba wayar baya wuta daga gaba, ka leƙa ko ƙwan ya kawo. Ga mai mota ɗaya kuwa tsadarsa ta fi amfaninsa, kuma hannun da bai ƙware ba yana iya tura wuta inda ba a so. Doguwar waya mai fiyus a tsakiya tana yin rabin aikinsa.

Na'urar bin waya da sauti ba ta da rana sai an tabbatar waya ta tsinke a cikin damin wayoyin da ya bi ta cikin shasi. Ko a nan ma, sau da yawa jan sabuwar waya ya fi sauri. Idan fiyus ne ke ta ƙonewa, sa ƙwan babbar fitila a gurbinsa, ka riƙa girgiza damin wayoyi kana kallonsa. Inda haskensa ya sauya, nan waya ta goge tana taɓa ƙarfe. A fara da soket ɗin tirela, shi ya fi kowa shan ruwa.

To idan an bi layi an tabbatar filashan ne fa? Iri biyu ne. Na da yana aiki da zafi: wani siririn ƙarfe ne ke ɗumama ya lanƙwashe ya yanke wuta, ya huce ya dawo. Saurinsa ya dogara da nauyin ƙwayayen, shi ya sa idan ɗaya ya mutu ko batir ya yi sanyi sai ya yi nawa ko ya tsaya a kunne. Wannan kansa gargaɗi ne mai amfani. Na lantarki bugunsa bai cika damuwa da ƙarfin batir ba, kuma wanda aka rubuta masa LED ne kaɗai zai yi daidai idan an sauya ƙwayaye zuwa LED, sai dai yawancinsu ba sa nuna maka ƙwai ya mutu. Duk da haka, sa filashan LED ya fi liƙa wa kowane ƙwai resista, abar da ke ƙara jan wuta, wadda ke zafi har ta narkar da roba. Ka ƙirga ƙafafun tsohon ka karanta abin da aka rubuta: na Turai 49, 49a da 31, na Japan B, L da E, na Amurka X, L da P. Ƙafa uku ba ta nufin sun dace da juna, domin ta ukun a wani at ce, a wani kuwa ta ɗan ƙwan dashbod ce. Land Rover na kafin 1967 fositif ne aka ɗaure a jiki, sai an nemi filashan lantarki da aka yi domin haka.

Sabon damin waya gaba ɗaya sai idan robar wayoyin ta bushe tana farfashewa a hannu, ko masu motar na baya sun yi ta yanka da ɗauri har launuka sun daina ma'ana. Idan launukan asali na nan, a motar Ingila kore mai ratsin ja hagu ne, kore mai ratsin fari dama, baƙi kuma at. Baƙin za ka fara bi, da sandfefa da ɗan giris a hannu.