Ledar PVDF ko faifan tangaran: wacce sensar danni za ka saya?

Duk shekara in lokacin furojet ya yi, ɗaliban injiniya na jami'a da na kwalejin kimiyya a nan Sakkwato kan cika mini shago da tambaya guda: Malam, wace sensa za mu sa a tafin takalmi don ƙirga taku, ko a wuyan hannu don jin bugun jijiya? Amsata ba ta canzawa: ledar PVDF, amma ta gaske.

PVDF roba ce. A 1969 wani masani ɗan Japan, Heiji Kawai, ya gano cewa in aka miƙe ta aka ratsa ta da wuta mai ƙarfin gaske, sai ta riƙa fitar da 'yar wutar lantarki duk sanda aka danna ta ko aka lanƙwasa. Mai kaurin maikuron 28 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ta fi gashin kai siranta, akwai kuma mai 52 da mai 110. Ka naɗe ta a yatsa, ka yanka da almakashi, ka ɓoye ta ƙarƙashin fatar takalmi, tana nan da ranta. Ba ta jiran batir kafin ta yi magana, babu darma a jikinta. In za ka haɗa da Arduino, wato ɗan allon kwamfuta da ake karanta sensa da shi, sa mata resista babba (mai rage gudun wuta) a gefe, mai ƙarfin megom 1 zuwa 10. Sai dai ka sani, sauyin danni take ji. Ka ɗora mata buhun gero ka bar shi, nan da nan za ta yi shiru.

Faifan PZT, wanda ke cikin 'yar ƙararrawa, ya fi PVDF ba da cajin wuta sau goma ko fiye, ga arha. Amma tangaran ne, taku uku ya tsage, kuma fiye da rabin nauyin tangaran ɗin darma ce. FSR da Velostat, sensocin da danni ke sauya yadda wuta ke ratsa su, ba ma danginsu ɗaya da waɗannan ba; ba za ka neme su ba sai in nauyin da ke zaune kake son aunawa. Haɗin roba da garin bariyom taitanet kuwa a takardun bincike yake da kyau. A kasuwa da wuya ka same shi, in garin ya yi yawa kuma ledar ta bushe ta riƙa karyewa.

Kafin kuɗi, fara tambayar zafi. Ledar PVDF in ta wuce digiri 70 zuwa 80 na ma'aunin Salsiyos ƙarfinta ya fara tafiya, ba ya dawowa. A wani Afrilu na bar guda biyar a gaban gilashin mota na shiga Azahar, na tsaya hira. Da yamma na gwada, kamar ina danna ledar biredi. Haka ma kan ƙarfen soda, mai zafin nan na liƙa waya: kada ya kusance ta, sayi mai haƙoran ƙarfe na haɗa waya da aka riga aka matse mata.

Sai 'yan damfara. Na taɓa yin oda ta intanet, na jira sati shida, abin da ya zo leda ce mai ƙyalli irin ta cikin kwalin biskit. Wani kuma PVDF ɗin gaske zai turo maka, amma wadda ba a ratsa da wuta ba, irin wadda ake shimfiɗa wa bayan faifan sola. Sunan daidai ne, aikin babu. Mafi wayo shi ne mai nuna maka bidiyo yana goga leda da hannu mita tana motsi. Haba! Da hunturu ko bargon roba ka goga sai ya yi tartsatsi.

Ga yadda nake gwadawa. In haɗa ta da osiloskop, na'urar da ke zana motsin wuta a matsayin layi, in ƙwanƙwasa da bayan biro: layi ya harba sama. In musanya wayoyin, ya harba ƙasa. In huci a kanta da baki ba tare da na taɓa ba. Ta gaske tana jin sauyin ɗumi, layi zai motsa. Mai sayarwa ya kasa faɗa maka kaurinta, ko ya rasa takardar bayanan kamfani, rabu da shi. Mai cewa "duk ɗaya ne da ta TE Connectivity" (kamfanin da ke ƙera ta gaske) alhali kuɗin tasa bai kai rabi ba, ka ce ya turo guda ɗaya tukuna. Ni yanzu ko wanda na saba da shi ne, sai na gwada ta farko a kan teburina kafin in biya na sauran.