Kofi, shayi, goro ko lemon kuzari: wanne ya fi wa mai son ƙwaƙwalwa ta buɗe?

Da zarar jarrabawa ta matso ko aiki ya taru, kowa sai ya shiga neman abin da zai kore masa gyangyaɗi. Kofi da shayi da goro da lemon kuzari duk sinadari ɗaya ne ke aiki a cikinsu, wato kafeyin, wanda ke toshe saƙon gajiya a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Bambancinsu yana wajen yawan sinadarin da abin da ya zo tare da shi.

Lemon kuzari ne na fi jin takaicin yadda ɗalibai ke zuba masa kuɗi. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da kafeyin miligiram 80, kusan daidai da kofi ɗaya na kofi, amma da sukari giram 27. Hakan ya haura rabin giram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a rana. Ga tsada, ga kasalar da ke biyo baya.

Kofi yana kamawa da sauri, ƙullin Nescafé kuma ba shi da tsada. Sai dai wanda ya sha da yunwa yakan ji hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku. Ka ɗauki tsurarsa, domin wanda aka haɗa da madara sukari ya fi yawa a ciki.

Goro ba sukari, kuma kai ne da iko da shi: ka ɓantari kaɗan, ka mayar da saura aljihu. Wajen saye ka latsa ka ji ƙwarinsa, ka raba shi ka duba ko sankara ta ci, sannan ka naɗe shi a tsumma mai danshi kada ya yanƙwane. Aibinsa shi ne ba ka san ƙarfin da ke cikin kowane ƙwaya ba, kuma yana rina haƙori.

Ni dai shayi nake ba da shawara ga mai dogon zama kan littafi ko kwamfuta. Kafeyin ɗinsa kusan rabin na kofi ne, hankali yakan tattaru ba tare da zumuɗi ba. Ka ce wa mai shayi ya rage sukari. Kada kuma ka sha shi tare da abinci idan kana da ƙarancin jini, domin yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Shayin Buzaye irin na Agadas, tafasar farko, wannan kam ba ƙaramin ƙarfi gare shi ba.

Ko wanne ka saya, kada ka wuce miligiram 400 na kafeyin a rana, mai juna biyu kuma 200. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya fara tambayar likita. Jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha, don haka wanda zai kwanta bayan Isha ya tsaya da sha tun daga Azahar.