Wata Bakwai da Littafin Auna Fahimtar Turanci na Ɗaliban Sakandaren Ƙasar Sin

Kafin in zo birnin Wuhan karatun digiri na uku, na shafe shekara tara ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Zariya. Saboda haka ranar da maƙwabcina, wani injiniya Basine da ƙofarsa ke kallon tawa, ya zo mini riƙe da wani littafi mai kauri, ya roƙe ni in riƙa zama da ɗansa daren Asabar da yammacin Lahadi, ban zaci zan ga wani abin da ban saba gani ba. Yaron yana aji biyu na babbar sakandare a lokacin, wato saura masa kimanin shekara ɗaya da rabi ya zauna gaokao, jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar. Ban karɓi ko sisi ba, domin izinin zamana na ɗalibi ne, kuma haƙƙin maƙwabtaka ya ishe ni dalili. Littafin kundin atisayen auna fahimta ne, irin wanda kamfanoni da dama ke bugawa a kan tsari kusan ɗaya, uban ya saye shi ta intanet a kan kuɗin da bai kai yuan 50 ba. Mun yi aiki da shi daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu, har bangonsa ya fara rabuwa da jikinsa.

Sai mutum ya san nauyin wannan jarrabawa kafin ya gane abin da zai sa uba ya tako ƙofar baƙo saboda littafi guda. Bisa al'ada ana fara gaokao ranar 7 ga Yuni, kuma a 2024 ɗalibai miliyan 13 da dubu 420 ne suka yi rajistarta. A lardin Hubei, inda Wuhan take, jimillar maki 750 ne, Turanci yana ɗauke da 150 daga ciki, kafaɗa da kafaɗa da Sinanci da lissafi, kuma ana rubuta shi ranar 8 ga Yuni daga ƙarfe uku zuwa biyar na yamma. Auna fahimta kaɗai tana da maki 50: matanoni huɗu masu tambayoyi 15, sai matani na biyar mai gurabe biyar da ake cikewa, kowace amsa maki biyu da rabi. Uban ya ce mini a lardi mai cunkoson ɗalibai irin nasu, kuskure ɗaya tak yana iya sa ɗaruruwan yara su sha gaban ɗanka a jerin masu neman gurbi. Garin Huanggang ma, wanda sunansa ya zama kirarin takardun gwaji masu wuya a faɗin ƙasar, a cikin wannan lardin yake.

An raba littafin gida biyu. Kashi na farko tambayoyin jarrabawar shekarun baya ne, waɗanda suke kira zhenti, kowane matani da shekararsa a rubuce a samansa. Kashi na biyu kuma tambayoyin kwaikwayo ne da marubutan kamfanin suka tsara. Amsoshin suna cikin wani ƙaramin littafi daban da aka cusa a tsakiya. A gefen kowane matani an rubuta yawan kalmominsa, galibi ɗari uku da 'yan kai, da mintunan da ya kamata a kammala shi, da gurbin da ɗalibi zai rubuta mintunan da ya ci a zahiri.

Abin da ya fara saye mini zuciya shi ne ƙaramin littafin amsoshin, kuma har yau ina ganin shi ne ya cancanci kuɗin. Kundayen tsofaffin tambayoyin da na yi aiki da su a gida, yawancinsu harafi kawai suke ba ka, su bar ka da Allah. Wannan kuwa, a kan kowace tambaya yana kai ka ga sakin layi da ainihin jimlar da amsar ta fito daga cikinta, sa'an nan ya bi sauran zaɓi ukun ɗaya bayan ɗaya ya faɗi irin tarkon da aka ɗana a cikinsu. Har sunaye suke da su ga tarkunan, daga karin maganar Sinawa. Akwai wanda ake kira ɗora hular Zhang a kan Li, wato a ɗauki maganar da wani ya yi a cikin matanin a jingina ta ga wani. Akwai ƙirƙiro abu daga babu, wato zaɓin da ya yi daidai da hankali amma marubucin bai faɗe shi ba. Akwai kuma ɗaukar ɓangare a matsayin duka, wanda ya fi kama yara a tambayar da ke neman kanun da ya dace da matani. Na daɗe ina bayyana wa ɗalibaina waɗannan abubuwa da dogon zance, ban taɓa tunanin in raɗa musu suna ba, alhali sunan ne yake sa yaro ya tuna.

Wani daren Asabar a watan Disamba muna kan wani matani game da kiwon zuma a saman benayen birni. An tambayi ra'ayin marubucin a kan shirin, yaron ya zaɓi cewa yana yaba masa. Na ce ya nuna mini hujjarsa, sai ya ɗora yatsa a kan jimlar da ke ɗauke da kalmar hardly, ya ce ai ga shi an ce an yi aiki tuƙuru. Ya ga hard a cikinta, ya ɗauka 'yar'uwarta ce, alhali jimlar cewa take shirin kusan bai canza komai ba. Da muka buɗe amsoshin, sai ga wannan jimlar an ja mata layi, an kuma jero barely da rarely da seldom a ƙarƙashinta, tare da gargaɗin cewa kalmomi ne masu kore zance ba tare da an ga alamar korewa ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya zaro wani littafin rubutu da kusan kowane ɗalibi a nan yake da irinsa, wanda suke kira cuotiben, wato littafin kurakurai, ya kwafe jimlar da baƙin biro, ya rubuta dalilin faɗuwarsa da ja. Bai sake faɗawa wannan ramin ba har muka gama.

Sashen da na fi jin daɗin koyarwa shi ne na matani na biyar, wanda suke kira qi xuan wu, ma'ana zaɓi biyar cikin bakwai. Ana cire jimloli biyar daga matani, a haɗa su da wasu biyu na ruɗi, a ce ɗalibi ya mayar da kowace mazauninta. Ba a cin wannan da haddar ma'anar kalmomi; dole yaro ya lura da wakilin suna da abin da yake komawa gare shi, da kalmomin da ke juya zance ko ƙara masa, da yadda jimlar farko ta sakin layi take riƙe da sauran. Littafin ya yi ƙoƙari ƙwarai a nan, domin yana zana kibiya daga wakilin sunan zuwa sunan da ya wakilta, har yaro ya ga zaren da idonsa.

Matsalar ta fara bayyana ne da muka shiga kashi na biyu. Tambayoyin shekarun baya an tace su, duk yadda ka juya su amsa ɗaya ce take tsayawa da ƙafarta. Na kwaikwayon ba haka suke ba. An ɗauko rubuce-rubucen ƙasashen waje an datse su don su shiga ma'aunin kalmomi, kuma a wasu wurare almakashin ya tafi da jimlar da sauran suka dogara a kanta. A cikin kowane matani goma sai mun ci karo da ɗaya ko biyu masu tambayar da zaɓi biyu suka yi daidai a cikinta. Na tuna wata da na karanta sau uku, ni da na koyar da wannan darasi shekara tara, ban ga abin da ya fifita amsar littafin a kan ta yaron ba, bayanin kuma bai wuce cewa ita ce ta fi dacewa ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda yaron ya karɓi hukuncin ba musu, ya ɗauko jan biro zai rubuta laifin da bai yi ba. Na riƙe hannunsa na ce masa wannan karon littafin ne ya yi kuskure. Ya dube ni da mamaki ya ce, “Laoshi, littafi yana kuskure?” Laoshi shi ne malam a bakinsu. Yaron da ake horarwa ya nemi hujja a cikin matani, idan aka riƙa kayar da shi ba hujja, ƙarshenta zai daina yarda da karatunsa ya koma neman abin da mai tambaya yake so.

Aibi na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, domin da fuskar taimako ya zo. Ƙaramin littafin yana ɗauke da cikakkiyar fassarar kowane matani da Sinanci. A watan Fabrairu na lura yaron yana cinye tambayoyin matani na huɗu, wanda galibi shi ne mafi wuya, ba ya faɗuwa ko ɗaya a aikin da yake yi shi kaɗai. Na yi murna, har sai da na rufe littafin wata rana na ce ya gaya mini da Turanci abin da sakin layi na biyu ya ƙunsa. Bai iya haɗa jimla biyu ba. Ashe idan ya dawo daga karatun dare bayan ƙarfe tara a gajiye, fassarar yake fara leƙawa, sa'an nan ya amsa. Ban ga laifinsa sosai ba, domin yaron da ya bar gida tun da sassafe, duk ƙofar sauƙin da aka buɗe masa zai shiga.

Haka nan ƙananan akwatunan dabaru da aka watsa cikin shafuka. Suna cewa a fara karanta tambaya, a ɗauki kalma ɗaya a nemo ta a matani, a karanta abin da ke kewaye da ita kawai. Suna cewa zaɓin da ke ɗauke da always ko never ko only yawanci ƙarya ne. Ba zan ce dabarun ba sa aiki ba. A matani na farko, wanda yawanci sanarwa ce ko tallar yawon buɗe ido mai farashi da ranaku, nemo kalma shi ne daidai, kuma yana rage ɓata lokaci. Amma littafin bai ja iyaka ba, sai yaro ya ɗauki dabarar ya shiga da ita matanin da ke buƙatar a bi tunanin marubuci daga farko zuwa ƙarshe. Kuma wannan jarrabawar da kanta tana hukunta mai wannan hali, domin a sashen rubutu akwai aiki mai maki 25 inda ake ba ɗalibi labari ya karanta, ya ƙarasa shi da sakin layi biyu na kimanin kalmomi 150. Wanda ya saba tsallake matani ba zai san halin mutanen labarin ba, balle ya san inda zai kai su. A nan na tuna da WAEC, inda ɗalibi yake rubuta amsar auna fahimta da taƙaitawa da hannunsa, ba shi da harafin da zai fake a bayansa.

Bidiyoyin da ake samu ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR da ke ƙasan shafi ba su ƙara mana komai ba. Bayanin kusan duk da Sinanci ne, maimaicin abin da ke cikin amsoshin, kuma bayan 'yan na farko sai a nemi ƙarin kuɗi.

Daga watan Maris na sauya yadda muke amfani da littafin. Na damƙa wa mahaifiyar yaron littafin amsoshin, ba ya fitowa sai ranar da muke zama. Kowane matani sau biyu muke bin sa: karon farko da agogo, minti takwas, kamar a ɗakin jarrabawa, karo na biyu a tsanake, yana ja wa hujjar kowace amsa layi, yana warware doguwar jimla ɗaya ko biyu har ya gano mai aiki da aikin, sa'an nan ya rufe littafin ya ba ni labarin matanin cikin jimla uku da Turanci. Da farko bai so ba. Abokansa suna yin abin da suke kira shuati, wato sharar tambayoyi, matani biyar ko shida a dare guda, shi kuwa ga shi yana kwana a kan biyu, yana ganin an bar shi a baya. Uban ma ya taɓa tambayata cikin ladabi ko ba za a ƙara yawan aikin ba. Na roƙe su su ba ni wata biyu. A Nuwamba yana faɗuwa tambaya takwas ko tara cikin 20. A gwaje-gwajen da na yi masa a watan Mayu da tambayoyin shekarun baya waɗanda bai taɓa gani ba, uku ko huɗu yake faɗuwa. Ba zan jingina wannan ga littafin kaɗai ba, domin malamansa na makaranta suna nasu aikin, shi kuma yana haddar jerin kalmomi 3,500 da ɗalibai a nan suke ɗauka a matsayin ma'aunin gaokao.

Ga wanda ya tambaye ni, zan ce a sayi littafin saboda kashinsa na farko da bayanin amsoshinsa, a ɗauki kashi na biyu a matsayin abin motsa hannu wanda ba a yanke wa yaro hukunci da shi, kuma a raba shi da fassarar har sai ya gama nasa ƙoƙarin. Ɗalibin da kalmominsa ba su taru ba tukuna, wanda yake tsayawa sau uku a kowane layi, wannan littafi zai karya masa gwiwa ne kawai, gara ya fara da gajerun labarai masu sauƙi. Yanzu yaron ya shiga aji uku. Uban ya so ya sayi sabon bugun wannan kundin, na ba shi shawara ya nemi wanda ya tattara tambayoyin shekarun baya zalla, ya kuwa samo. Littafin amsoshinsa yana hannun mahaifiyar tun ranar da aka kawo shi.