Mariƙin injin roka na milimita 38: abin da na gani bayan na ɗaura shi

Ni malamin kimiyya ne a nan Maradi, kuma shekara biyu ke nan ina haɗa ƙananan rokoki na gwaji da ɗalibaina. Bana ƙanena da ke Faransa ya zo mini da kayan haɗa babbar roka, irin wadda ake sa wa inji ajin H. Masu wannan sana'a da haruffa suke auna ƙarfin inji, kowane harafi ninkin wanda ya gabace shi ne, kuma daga H ake fara kiran roka mai babban ƙarfi. A Amurka ma sai mutum ya samu shaidar ƙungiyar masu harba roka ta NAR ko ta Tripoli kafin a sayar masa da irin wannan inji. Cikin kwalin akwai wani ɗan zoben alminiyam da murfinsa, shi ne mariƙin inji, na bututu mai faɗin milimita 38, kuma a kansa nake son yin magana.

Da na fara ganinsa na raina shi. Mun saba naɗa wa inji salatif na takarda mu cusa shi da ƙarfi, a wuce wurin. Amma duk wanda ya san yadda roka ke buɗe laimarta ba zai yarda da salatif a babbar roka ba. Lokacin tashi inji gaba yake turawa, kuma yana da ɗan leɓe a gindinsa da ke tokare bakin bututun da ake cusa shi ciki, don haka ba matsala. Matsalar tana can sama: idan roka ta kai ƙololuwa, ɗan garin albarushi ke fashewa a ciki don ya ture kan rokar laima ta fito. Wannan bugun ba ya zaɓen hanya. In inji bai kamu da kyau ba, shi ne zai fita ta baya, laima ta zauna a ciki, roka ta dawo ƙasa da ka kamar mashi. A fili irin namu da makiyaya da yara ke ratsawa, wannan ba abin wasa ba ne.

Ɗaura shi ne ya ba ni aiki. Kashi biyu ne: gindin da ake mannawa a bakin bututun inji, da murfin da ake murzawa kamar na kwalba. Dole a bar kusan santimita 1 na bututu ya leƙo bayan zoben katako na ƙarshe da ke riƙe bututun inji a tsakiyar roka, nan gindin zai zauna. Takardar bayanin da Turanci take, awon kuma da inci, mu da muka tashi da santimita. Allah ya taimake ni na gwada komai a bushe kafin in taɓa gam, sai na ga layin da na ja ya gaza da milimita 4. Da na riga na manna, da sai dai in sake bututu.

Na goge bakin bututun da samfefa har santsin ya tafi, na kuma karce cikin zoben alminiyam ɗin. Gam ɗin J-B Weld na yi amfani da shi, mai haɗi biyu, baƙi da fari, a cuɗa su daidai wa daida har su koma ruwan toka. Shi ya dace saboda kwanson inji, wato gwangwanin da makamashi ke ƙonewa a ciki, yana zafi sosai, gam na yau da kullum laushi yake yi. Abu ɗaya zan gaya wa mutanenmu: zafin watan Afrilu na Maradi yana sa gam ya kama da wuri. Na jira sai bayan sallar asuba, da ɗan sanyi, na shafa siriri, na murza zoben ya zauna, na goge abin da ya tsattsafo ciki da tsumma tun bai daskare ba. Ɗigo ɗaya in ya bushe a ciki, kwanso ba zai shiga ba. Na ajiye shi a tsaye kwana ɗaya cur.

Ban harba ta ba tukuna. Makamashin inji ba a ɗauko shi a jakar matafiyi, kuma a halin tsaron da ƙasa take ciki ba zan ɗaga komai sama ba sai da izinin hukuma a rubuce. Abin da na iya yi shi ne gwajin ƙasa: na sa kwanso wanda babu komai ciki, na murza murfi, na rataya masa jarkar ruwa mai lita 20. Ko gezau. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, a ƙara wata mana." Muka ƙara, bai motsa ba.

Aibinsa ɗaya da na gani: haƙoran murfin sirara ne, ƙura kuwa ba ta ƙarewa a garin nan. Na bar shi buɗe kwana uku, da na zo murzawa sai na ji yana ƙas-ƙas. Kada a tilasta shi, alminiyam saurin cinyewa yake. Tsohon buroshin haƙori ya share shi, yanzu kuma kullum a murɗe nake ajiye murfin, gindin rokar cikin leda.

Yana ƙara ɗan nauyi a baya, don haka na sake duba ma'aunin rokar a kan igiya, na ƙara ɗan nauyi a kai. Ta biyun da muke shirin haɗawa, mai bututun milimita 29, na riga na ce wa ƙanena ya fara sayo mariƙin kafin fenti.