Tsohuwar Teisco: a bar mata pikof ɗinta ko a canja?

In ka samu tsohuwar jitar Japan irin Teisco ta shekarun 1960, kafin kamfanin Kawai ya saye kamfanin Teisco a 1967, hanya biyu ce. Ko dai ka bar mata pikof ɗinta na asali (na'urar da ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya ta aika wa amfilifaya), ka goge tsatsa, ka sake sodar wayoyi kawai, sautin nan nata mai ɗan kaushi yana nan, amma fa sai haƙuri da ƙugi in ka ƙure amfilifaya. Ko ka sa humbucker sabo (nau'in pikof mai kashe ƙugi), ƙugin ya tafi, sai dai wani lokacin dole a fafe katakon jitar don ya shiga, kuma shikenan darajarta ta faɗi wajen masu tara tsoffin kaya. Ni kam ta farko, maɓallan ɗaure tsirkiya kaɗai zan canja, kullum saki suke.